Darasin rufe ranar Asabar ta Yahudawa a ajin yaranmu: a bar su su zauna ko a janye su?

Maman Abdul (Mancesta):
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni rainon yara a ƙasar nan, da kuma malaman makaranta da ke cikinmu. Firamaren da ɗana yake, wanda yanzu yake aji uku, ta aiko mana da takarda cewa a wannan zangon darasin addinai zai koma kan Yahudanci, kuma a mako mai zuwa malamarsu za ta kawo kayan wata hidima da ake kira Habdala, wadda Yahudawa suke yi ranar Asabar da daddare domin rufe ranar hutunsu. An ce kowane yaro ya zo da lemon zaƙi guda ɗaya da ɗan kanumfari, za su soka kanumfarin a jikin lemon su yi abin shaƙa, sannan a kunna wani kyandir mai tufka a gabansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga an ambaci kofin giya a cikin jerin kayan, kuma ina tsoron a sa yaran su maimaita addu'o'in. Mahaifinsa ya ce in bincika kafin mu yanke hukunci, don haka wanda ya san yadda abin yake, don Allah ya yi mana bayani.

Baban Sadiya (Bamingham):
Wa alaikumus salam. Maman Abdul, shawarata ita ce ki rubuta wa shugaban makarantar ki janye yaron daga wannan darasin, domin dokar Ingila ta ba iyaye wannan damar, kuma ba dole ba ne ki faɗi dalili. Ni ba na adawa da yaro ya san cewa akwai Yahudawa a duniya kuma suna da ranar da suke girmamawa, tunda Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin Asabar a Suratul A'araf, inda mutanen wani gari na bakin teku suka keta alfarmarta saboda kwaɗayin kifi. Amma sanin labari daban, a sa yaro ɗan shekara bakwai ya shaƙi ƙamshi ya ƙura wa wuta ido a cikin aji da aka rufe labulensa kuma daban. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da ya shiga ta hanci da ido ya fi daɗewa a zuciyar yaro fiye da abin da aka rubuta masa a allo. Mu da muke fama da su su riƙe karatun Islamiyya na ƙarshen mako, ban ga dalilin da za mu bari a ƙawata musu ibadar wasu ba.

Malamar Firamare (Landan):
Baban Sadiya, gaskiya ne doka ta ba da dama, amma kafin Maman Abdul ta yi amfani da ita ya kamata ta san abin da za ta janye yaron daga gare shi. Ina koyar da yara masu irin waɗannan shekarun a arewacin Landan, kuma wannan darasin yana cikin waɗanda nake gabatarwa. Tun dokar ilimi ta 1944 darasin addini ya zama wajibi a makarantun gwamnati na Ingila, sannan dokar 1988 ta ce manhaja ta ba Kiristanci babban kaso amma ta kula da sauran manyan addinan da ke ƙasar. Ta wannan ƙofar Yahudanci ya shigo aji, kuma ta ita dai Musulunci ya shigo, shi ya sa a wani zangon za ki ji an kawo darduma da carbi an nuna wa 'ya'yan Turawa.

Ita hidimar kanta ba ta wuce 'yan mintoci. Ranar hutun Yahudawa, wadda suke kira Shabbat, tana farawa ne gab da faɗuwar rana ranar Juma'a, ta ƙare idan duhu ya shiga ranar Asabar, wato kimanin awa 25. A tsawon wannan lokaci masu riƙo da addini ba sa kunna wuta, ba sa girki, ba sa rubutu, ba sa tuƙi, kuma ba sa taɓa waya ko makunnin lantarki. Idan lokacin ya cika ba a komawa aiki haka kawai, sai an yi Habdala, ma'ana rarrabewa. Mai gida yakan cika kofi da ruwan inabi har ya tumbatsa ya zuba a faranti, ya karanta wasu ayoyi daga littafin Annabi Ishaya da Zabura, sannan ya yi godiya ga Allah sau huɗu a jere. Ta farko a kan abin da ke cikin kofin ce, ta biyu a kan kayan ƙamshi, waɗanda ake zagayawa da su kowa ya shaƙa, ta uku a kan hasken wuta, inda kowa zai ɗaga hannu ya dubi faratansa a hasken kyandir, ta huɗu kuma ita ce ainihin rarrabewar, inda ake yabon Allah da ya bambanta tsakanin tsarkakakke da na yau da kullum, da haske da duhu, da rana ta bakwai da ranakun aiki shida. Daga nan sai ya sha, ya tsoma bakin kyandirin a cikin abin da ya zuba a faranti wutar ta mutu, a yi wa juna fatan mako mai albarka.

Game da giya, ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Ban taɓa ganin an shigo da giya aji ba; ruwan inabi na kwali wanda ba ya sa maye ake zubawa don yara su ga yadda kofin yake cika, kuma a ajina ba na ba kowa ya sha. Su ma Yahudawan, gidaje da yawa masu ƙananan yara da irin wannan ruwan suke yi, kuma dokarsu ta amince da shi.

Hajiyar Bronx (New York):
Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Zangon Kumasi na fito, kuma jinyar tsofaffi a gidajensu nake yi, kamar da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mata da ke nan Bronx. Na daɗe ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya da ke zaune tare da ɗanta da jikokinta, saboda haka abin da Malama ta bayyana na sha ganinsa daga bakin ƙofar falo, kuma ina so in faɗi yadda su suke koya wa nasu yaran, domin a nan nake ganin amsar damuwar Baban Sadiya take.

Ban taɓa jin an zaunar da yaro an yi masa lacca a kan Habdala a gidan ba. Abin da ake yi shi ne a ba kowa aiki. Tun kafin lokaci ya yi ake tura ƙananan bakin taga ko farfajiya su nemo taurari uku a sama, domin ita ce alamar cewa dare ya yi, ko da yake uban ya riga ya san mintin daga kalandar da ke manne a jikin firij. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ke ɗauko gidan kayan ƙamshi, wani ɗan abu na azurfa mai siffar hasumiya da kakar ta ce iyayenta sun taho da shi daga Turai, a cikinsa akwai kanumfari da kirfa. Shi zai zagaya da shi yana kai wa kowa hanci, har jaririn da ke hannun uwarsa ba a tsallake shi. Kyandirin kuma, wanda lagwaninsa da yawa ne aka tufke su wuri ɗaya don wutar ta yi girma, yaro ne yake riƙewa, ba babba ba, kuma rigimar wanda zai riƙe a wannan makon ba ta ƙarewa. Idan yarinya ce, sai kakar ta tsokane ta da cewa ta ɗaga shi sama sosai, wai gwargwadon yadda ta ɗaga gwargwadon tsawon mijin da za ta aura, yarinyar kuma ta yi ta miƙa hannu tana ɗaga diddige. Akan kashe fitilun falo, a shimfiɗa jarida ko faranti a ƙasa saboda narkakken kyandir da ke ɗiga. Bayan an kashe wutar a cikin ruwan inabin, wasu sukan dangwali abin da ya rage a faranti da ɗan yatsa su shafa a fatar ido ko a aljihu don neman albarkar mako, sannan a rera waƙar da ke ambaton Annabi Iliya, kowa ya ce da ɗan'uwansa "Shabuwa tob", wato a yi mako lafiya.

To, Malam Baban Sadiya, ka yi gaskiya da ka ce an tsara abin ne don ya zauna a zuciyar yaro. Sai dai abin da ke zaunar da shi ba kyandirin ba ne. Waɗannan yaran sun yini sun kwana babu talabijin, babu waya, babu ko fensirin zane, kuma sun san cewa ba za a taɓa ko ɗaya ba sai wutar nan ta mutu a faranti. Har akwai wata gajeriyar jimla ta yabon mai rarrabewa da ake koya musu su faɗa idan lokaci ya yi amma uban bai dawo daga majami'a ba, kafin su kunna fitila. Kowane mako haka, da muryar mahaifinsu, tun suna goye. Yaron da ya baro gida da safe ya ci abincinsa ya kalli katun, aka kunna masa kyandir da ƙarfe goma na safiyar Talata a aji, bai rufe komai ba, domin babu abin da ya buɗe.

Malamin Tarihi (Zariya):
Hajiya, Allah ya saka da alheri, domin abin da ido ya gani ya fi abin da muke karantawa a takarda. Bari in ƙara da abin da littattafansu suka ce, ko zai taimaki iyayen da yaransu za su dawo gida da tambayoyi.

Hidimar tsohuwa ce ƙwarai. Mishna, wato kundin dokokin baka da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ya riga ya kawo saɓani a kanta tsakanin makarantu biyu na malamansu, gidan Shammai da gidan Hillel, a babi na takwas na sashen Berakot. A ruwayar da Talmud, wato babban sharhin malamansu a kan Mishna, ya rinjayar, mutanen Shammai suna gabatar da wuta a kan ƙamshi, na Hillel kuma suna gabatar da ƙamshi, kuma a kan na Hillel jama'a suka tsaya. Sun kuma saɓa a lafazi, domin Shammai yana ambaton hasken wuta a tilo, Hillel kuma a jam'i, da hujjar cewa harshen wuta launuka da yawa ne a cikinsa. Malami mai dabara yakan ce yara su dubi harshen wutar su ƙirga launukan da suka gani, ya wuce da su cikin wannan tsohuwar muhawara ba tare da sun gaji ba. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, yana ganin cewa umarnin Attaura na tunawa da ranar Asabar ya haɗa da ambatonta a shigarta da kuma a fitarta. Don sauƙaƙa hadda, ana haɗa haruffan farko na abubuwan huɗu a Ibrananci su ba da Yabne, sunan wani gari da malamansu suka taru bayan Rumawa sun rushe haikalin Ƙudus a shekara ta 70, kuma da wannan kalmar ake koya wa yara jerin.

Kowane abu kuma da dalilin da ake ba yaro. Ƙamshin, a faɗar malamansu, saboda ana ƙara wa mutum wani ruhi a ranar Asabar, idan ranar ta fita ruhin ya tafi sai a farfaɗo da mutum da ƙamshi. Wutar kuma saboda Attaura ta hana hura wuta a ranar, don haka ita ce aikin farko na sabon mako, kuma suna da ruwaya cewa a irin wannan daren ne aka sanar da Annabi Adamu ya goga duwatsu biyu wuta ta fito. Duban farata yana da tushe a doka, domin Mishna ya ce ba a godiya a kan haske sai an amfana da shi, kuma ma'aunin da aka bayar shi ne mutum ya matso har ya iya bambance kuɗin ƙarfe iri biyu. Bambance farce da tsokar yatsa ya tsaya a madadin haka. Shi ya sa kundin Shulhan Aruk na Yusuf Karo, wanda aka buga a Benis a 1565, ya ce makaho ba ya karanta wannan godiyar ta wuta.

Dangane da shekaru, wajibcin ibada ba ya hawa kan yaro sai ya cika 13, yarinya kuma 12, amma an ɗora wa uba nauyin sabar da su tun sun fara fahimta, abin da galibi ake ƙiyastawa da shekara shida ko bakwai. Kin ga ke nan, Maman Abdul, ɗanki yana daidai shekarun da takwaransa Bayahude na unguwar Prestwich da ke yankin Mancesta ya fara sauraron Habdala a matsayin abin da ake nema daga gare shi.

Baban Sadiya (Bamingham):
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru da wannan bayani, kuma maganar Hajiya ta shige ni. Amma ina da gyara ga Malama, cikin girmamawa. A godiya ta huɗu da kika lissafa kin tsallake jimla ɗaya, domin tsakanin haske da duhu da rana ta bakwai akwai inda ake cewa Allah ya bambanta Isra'ila da sauran al'ummai. Mu ne sauran al'umman. Ina so in san ko ana karanta wa yaran wannan jimlar ko ana ɓoye ta, domin idan an ɓoye an koyar da rabin gaskiya, idan kuma an karanta to me yaron Musulmi zai ɗauka? Na biyu, tushen ranar gaba ɗaya shi ne cewa Allah ya huta a rana ta bakwai, alhali a Suratu Ƙaf an faɗa mana cewa ya halicci sammai da ƙasa a kwana shida kuma wata gajiya ba ta shafe shi ba. Juma'armu ma ba ranar hutu ba ce, tunda an ce idan an idar da salla a watsu a cikin ƙasa a nemi falalar Allah. Yaro ɗan aji uku ba zai iya tace wannan da kansa ba, kuma malamar da ba Musulma ba ba za ta tace masa ba.

Ɗan Jos (Abuja):
Ina gaishe da iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni Kirista ne, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma ayoyin da ake buɗe Habdala da su suna cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunmu, a Ishaya sura 12, da kuma Esta 8:16 inda aka ce Yahudawa suka sami haske da murna. Baba, game da hutu, littafin Ishaya ɗin nan dai a sura 40 ya ce Mahalicci ba ya suma kuma ba ya gajiya, kuma malaman Yahudawa suna fassara hutun da dakatar da aikin halitta, ba da sauke gajiya ba. Ban kawo wannan don in ce aƙidun ɗaya ne ba, na kawo ne don kada a jingina musu abin da su ma suke korewa.

Abin da na fi so in ja hankali a kai shi ne kwaikwayo. A wasu coci-coci an fara ɗaukar al'adun Yahudawa ana yi wa yara wasan kwaikwayo da su, a sa musu 'yar hula a ba su kofi, da sunan koyar da Tsohon Alkawari. Ni ba na yi, saboda dalili biyu. Habdala a siffar da ake yin ta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, daga malaman bayansa ta zo, kamar yadda Malam ya nuna. Kuma masu abin da kansu da yawa ba sa jin daɗin a mayar da ibadarsu wasa. Ko 'yan'uwanmu na cocin Adbentis, waɗanda suke da tsohuwar cibiya a Jengre kuma suke kiyaye Asabar, da addu'a da waƙa suke rufe ranar a faɗuwar rana, ba sa jiran taurari kuma ba su da kyandir ko kayan ƙamshi. A nan Abuja akwai 'yan ƙabilar Ibo masu bin Yahudanci da majami'unsu, kuma idan yarana suka tambaye ni a kansu nakan ba su amsa da baki, in nuna hoto, in tsaya a nan.

Malamar Firamare (Landan):
Baban Sadiya, jimlar tana nan kamar yadda ka faɗa, kuma a littattafan yara da yawa akan taƙaita godiyar a bar ta. Ni a aji uku nakan tsaya a kan rarrabe ranaku, amma a aji biyar da shida nakan karanta ta cikakkiya, in gaya musu cewa masu riƙo da gargajiya suna fahimtarta a matsayin nauyin dokokin da aka ɗora musu ban da sauran mutane, wasu ƙungiyoyin masu sassauci a Amurka kuma sun cire ta daga littafin addu'arsu saboda irin damuwar da ka nuna. Tambayoyin da ke biyo baya sukan fi darasin kansa amfani, domin yaran Musulmi da na Kirista da ke ajin nan da nan suke gane cewa kowane addini yana da inda ya shata iyaka tsakaninsa da waninsa.

A kan kwaikwayo kuwa ina tare da Ɗan Jos ɗari bisa ɗari. Ƙa'idata ita ce yara su gani, su taɓa kayan, su tambaya, amma ba su furta addu'a ba kuma ba su amsa da amin ba. Ba na cewa "muna yin kaza", sai dai "iyalan Yahudawa da yawa suna yin kaza". Kamar yadda ba zan jera 'ya'yan wasu sahu in sa su yi sujada da sunan koyon Musulunci ba, haka ba zan sa Abdul ya ɗaga kofi ba. Sai dai ba kowane malami ne yake kiyaye wannan ba, musamman waɗanda suka ɗauko darasin a shirye daga intanet, saboda haka tambayar Maman Abdul tana kan hanya. Tunda a Mancesta kuke, akwai gidan tarihin Yahudawa a titin Cheetham Hill, a cikin tsohuwar majami'ar da aka gina a 1874, inda za ku iya zuwa da shi da kanku ya ga kayan ibadarsu kuna tsaye a gefensa.

Matashin Zaure (Kano):
Ni mamakina shi ne yadda muke zaune muna tattauna kyandir da kanumfarin mutanen nan, alhali kowa yana ganin halin da Falasɗinawa suke ciki a Gaza.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan'uwa, zafin da kake ji ba kai kaɗai kake jinsa ba, kuma akwai zaren da aka buɗe musamman don wannan batu. A nan uwa ce take tambaya a kan darasin ɗanta, kuma hidimar da ake magana a kai ta girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da ƙarnoni masu yawa. Yahudawan Ingila da Wales, waɗanda ƙidayar 2021 ta ce sun kai kimanin 271,000, maƙwabtan 'yan'uwanmu ne na can. Don Allah mu tsaya a kan tambayar.

Maman Abdul (Mancesta):
Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam da kowa. Na karanta wa Abdul wani ɓangare na bayanin Hajiya, sai ya jefo mini tambayar da ta fi ƙarfina. Ya ce a garin nan da gajimare ba ya barin a ga ko rana, ta yaya za su ga taurari uku? Kuma da bazarar Turai, lokacin da mu ma muke kaiwa dare sosai muna jiran lisha, shin yaransu ba sa yin barci kafin a yi?

Malamin Tarihi (Zariya):
Yaron nan Allah ya yi masa albarka, domin tambayarsa ta malamai ce. Asalin ƙa'idar a Talmud take, inda aka ce tauraro ɗaya rana ce, biyu tsakanin rana da dare ne, uku kuma dare ne, kuma ana nufin matsakaitan taurari, ba manyan da ake gani tun da sauran haske ba. Amma a aikace yau lissafi ake bi, a fitar da mintin kowane gari a kalanda bisa yadda rana ta nutse ƙasa da sararin sama, ko an ga tauraro ko ba a gani ba. Akwai ma masu tsanantawa da ke jiran minti 72 bayan faɗuwar rana, bisa ra'ayin Rabbenu Tam, wani malaminsu na Faransa a ƙarni na 12. Ki tuna masa cewa a lissafinmu ma yini daga magariba yake farawa, shi ya sa daren Juma'a yake zuwa kafin yininta. Da wannan zai gane dalilin da ya sa ranar Asabar ɗinsu take ƙarewa da shigar dare, ba da ƙarfe sha biyu ba.

A Mancesta a watan Yuni fitar ranar takan kai kusan ƙarfe sha ɗaya na dare, a Disamba kuma kafin biyar na yamma an gama, alhali a Abuja duk shekara wajen ƙarfe bakwai ne da ɗan gaba ko baya. Dokarsu ta ba wanda bai samu yi a daren ba damar ramawa har zuwa ƙarshen ranar Talata, amma da kofi da godiyar rarrabewa kawai, babu wuta babu ƙamshi, domin waɗannan biyun na daren ne kaɗai.

Hajiyar Bronx (New York):
Haka na gani, Malam. Da zafi ƙananan sukan yi barci a kan kujera, wani lokaci a tashe su, wani lokaci kuma uban ya bar su sai da safe kafin karin kumallo wanda ya fi wayo a cikinsu ya karanta a kan kofin ruwan inabi. Da sanyi kuwa, da yake an gama da wuri, shi ne lokacin da suka fi so, domin bayan Habdala akwai wani ɗan cin abinci da suke kira rakiyar sarauniya, ranar Asabar ɗin ce sarauniyar, kuma a gidan da na yi aiki a nan ne yara suke zaɓar abin da za a dafa. Akwai kuma wasu kwanaki tara na juyayin rushewar haikali, a tsakiyar zafi, da manya suke ƙaurace wa nama da ruwan inabi. A Asabar ɗin da ta faɗo a ciki, yaro ake miƙa wa kofin ya shanye a madadin uban, kuma wanda aka zaɓa yakan yi mako yana alfahari da shi.

Baban Sadiya (Bamingham):
Na saurari kowa, kuma na yarda cewa darasin da za a yi shi yadda Malama take yi ba shi ne abin tsorona ba. Amma Maman Abdul ba ajin Malama ɗanta yake ba. Ni dai nawa yaran ban bar su shiga irin wannan ba sai da suka kai aji biyar, bayan sun iya Fatiha da ma'anarta kuma sun san abin da za su ce idan aka tambaye su ranar Juma'a mece ce a wurinmu. Lemon da kanumfari ma ban ga laifinsu a kan kansu ba, amma idan an ce a yi shi ne a matsayin kayan ibada, gara ya yi nasa a gida.

Malamar Firamare (Landan):
Maman Abdul, kafin ranar ki nemi malamar a bakin ƙofa lokacin tashi, ko ki rubuta mata gajeren saƙo, ki tambaye ta ko yaran za su furta wani abu, ko za a ba su abin sha, da kuma wanda zai riƙe kyandirin. Idan amsar ba ta gamsar da ku ba, janyewar ba dole ba ne ta shafi darasin addinai gaba ɗaya, domin doka ta yarda a janye yaro daga wani ɓangare kawai. Takardar shugaban makaranta ake kai wa, ba malamar aji ba. Ki kuma sani cewa wajibin makaranta a wannan awar shi ne ta kula da shi, ba ta shirya masa wani darasi ba, saboda haka idan kun zaɓi hakan sai ki haɗa shi da littafin da zai karanta.